Jan Ƙyalle a Bakin Mashigi

Zuwa ga Yayana,

Wai Yaya, mutum ne zai tuƙa baƙi a kwalekwale, ɗayansu ya harbar masa uba a gaban idonsa, shi mai tuƙin ya kai uban asibiti ya ajiye, sannan ya kashe waya ya ɓace? A wane littafi ka karanta wannan? Ni da kuke yi wa dariya cewa ko takardar ƙunshin sabulu na tsinta sai na karance ta, ban taɓa cin karo da shi ba.

Ka yi haƙuri, zafin zuciya ya sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokin da ka sauka wurinsa. Matarka ce ta faɗa mini inda kake, sai da na yi mata naci, kada ka ga laifinta. Direban motar kifi zai miƙa maka wannan.

Tun da ba ka tambaya ba, ga halin da Baba yake ciki. An cire masa ƙwayoyin harsashi a kunci da kafaɗa. Idon hagu likita ya ce a jira kumburi ya sauka. Inna tana kan bencin ƙofar ɗakin, ko ruwa sai an yi da gaske take sha. Duk takun da ta ji sai ta ɗaga kai, ka san wanda take nema.

Jiya wata nas ta tambaye ni me ya kai dattijo cikin tafki da ƙwarya a ka. Na ce mata haka yake farautar agwagwar ruwa. Yakan zuba ƙoren banza a mashiginsa, su yi ta yawo har tsuntsaye su saba da su. Ranar kamu sai ya kifa wata mai ramukan ido a kansa, ya shiga ruwa iya wuya, ya yi ta matsawa a hankali har tsakiyar garke, ya kama ƙafar guda ya ja ta ƙasa, ta kusa da ita ba ta sani ba. Ta ce to ba kasuwa ne, da zai wahalar da kansa saboda nama?

Ashe Baba yana ji. Ya ce mata da nama ne da ya kiwata kaji. Ya ce a waje kowa na kiransa, wannan Baba, wancan maigida, amma cikin ƙwarya ba wanda ya san da shi. Kirinjijiya, ƙaramar agwagwar ruwan nan, takan zo ta yi fito a gefen kunnensa, ta gyara gashinta kamar tana ɗakin uwarta. Wata rana ma yakan fito hannu biyu, don ya rasa wadda zai raba da sauran. Mun girma a gidansa, Yaya, amma sai a gadon asibiti na ji wannan, kuma baƙuwa ya faɗa wa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ke yawo a bakin tafki. Wai Baba bai ɗaura jan ƙyalle ba. Kowa ya san ƙa'idar ƙungiyar mafarauta: in akwai mutum cikin ruwa, a ɗaura ja a turken bakin mashigi, mai bindiga ya gani ya juya. To ni na kai Baba a babur da asubar ranar, ni na ɗaura ƙyallen da hannuna, ƙulli kan ƙulli, kafin na wuce gareji. Iska ba ta kwance ƙullin makaniki. Ka dawo ka faɗi abin da ka gani.

Inna na gaishe ka. Ni ma haka, ko da yake raina a ɓace yake.

Ƙaninka,
Barkono

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, ka sa a aljihu ka ce a gaida gida. Gida ya amsa.

Idon Baba ya tafi. Likita ya faɗa mana a tsaye, a baranda. Inna ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na fita bayan asibitin na yi ta zagin bango, don in na zauna cikin mutane sai na yi abin da za a kama ni.

Wanda ya yi harbin ya zo, mai kantin maganin nan da ka tuƙa. Na yi tanadin maganganu masu ƙaya domin sa, sai ga mutum ya shigo, ya durƙusa gefen gado. Baba ya ce ya tashi, ya kuma tambaye shi me yake nema a ruwa, mutum mai kanti da mota. Ya ce mahaifinsa ne ya fara kai shi tun yana ƙarami, kuma tun da ya rasu babu inda yake jin kusa da shi sai cikin kwalekwale, sa'ad da hazo ke tashi a kan ruwa, garken dinya na wucewa sama. Duk mako yana tsaye bayan kanta yana jin ciwon mutane, wannan safiyar kaɗai ce tasa. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ashe ciwonsu ɗaya. Na so in tsani mutumin nan, Yaya, abin ya ƙi.

Da na raka shi ƙofa na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce kun zaga tafki tun safe ba ku samu komai ba, abokinsa ya fara gunaguni cewa ba su ƙara ɗaukar ka, sai ka ce ka san inda tsuntsaye ke taruwa. Shi yana gaba yana duba bindiga, bai lura da turke ba. Da ya ga ƙore cikin garke ya tambaye ka, ka ce masa na banza ne, na tsohonka, ya saki wuta. Na san ka ɗauka Baba na gida, tun da ya kwana biyu yana kukan gwiwa. Amma ai saboda irin wannan zaton aka yi ƙyalle.

Yanzu ga babbar magana. Shugaban ƙungiya ya zo dubiya, ya tambayi Baba a gabanmu. Baba ya juya fuska bango ya ce shi ya manta bai ɗaura ba, tsufa ne. Na buɗe baki, Inna ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Shugaba ya ce to za a zauna ƙarshen mako, kuma hukuncin sananne ne: wanda ya shiga ruwa ba alama, an raba shi da ruwa ke nan, mashiginsa kuma a ba masu bindiga. Ka gane lissafin tsohon nan? In laifin naka ne, kai za a kora, kai mai iyali. Sai ya ɗora wa kansa.

Ina roƙon ka don darajar Inna, ka taho.

Naka,
Barkono

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kana samun barci. An sallami Baba, muna gida, jiki da sauƙi.

Matarka ta roƙe ni in janyo kwalekwalenka daga rana. Ina kwashe ruwan ciki na ga rigar ruwanka a cuse ƙarƙashin mazauni. Na girgiza ta, ƙyallen ya faɗo. Ba kwance shi aka yi ba, yanke shi aka yi, ƙullina na nan. Wato kana da uba kwance cikin jini a kwalekwale, ka samu sukunin tsayawa a turke ka zaro wuƙa. Na yi ta juya abin nan a raina ina nema maka uzuri. Tsoro ne, na sani. Ni ma da na ga jinin, ban san me zan yi ba. Amma tsoron safiya guda daban, shirun da ya biyo baya daban.

Na kai wa Baba. Ya karɓa, ya shafa, ya sa ƙarƙashin matashi. Sannan ya ce mini, "In ka furta wannan a gaban mutane, ban yafe maka ba." Tun da nake da bakin nan nawa, da ya sa aka kore ni daga makaranta, bai taɓa faɗa mini irin wannan ba.

Ka san abin da yake yi yanzu? Yana zaune a inuwar tsakar gida da sabuwar ƙwarya a cinya, yana kankare ta. Inna ta ce masa wace irin wahala ce wannan, ya ce ai aikin ma ya ragu, rami ɗaya zai huda. Ya yi dariya shi kaɗai. Can sai garke ya wuce sama yana fito, ya daina kankara, ya karkata kai yana bin su da kunne har suka ɓace. Bai ƙara taɓa ƙwaryar ba ranar. Shi ma ya san ba za a bar shi ya sa ta ba.

Kai kullum cewa kake farautar ƙwarya ta mutu, zamani na bindiga ne. Wataƙila gaskiyarka. Amma in za ta mutu, ta mutu don kanta, ba da sunan tsoho ya yi sakaci ba. In an kore ka daga ruwa, ga gareji, maigidana na neman hannu, kuma ni zan koya maka, ba zan yi maka gori ba sai kaɗan. Shi kuwa in an raba shi da mashigin nan, ina zai je?

Jibi da hantsi za a zauna a rumfar bakin tafki. Zan kai Baba a babur, zan zauna a bayansa in yi shiru, tun da an ɗaure mini baki. Kai ba wanda ya ɗaure naka. Ban son amsa ta hannun direba, kada kuma ka kira ni a waya kana kuka. Shugaba zai miƙe ya tambaya ko akwai mai magana kafin a yanke hukunci. Ka zo ka tsaya a gaban mafarauta, a gaban mai kantin magani, a gaban Baba, ka faɗa da bakinka ko akwai ja a turken nan da ka shigo da bindiga.

Wassalam. Ƙaninka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Barkono