Shafin Ƙarshe na Jirgin Baba

Zuwa ga Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar taka? Yaya zaman Fatakwal? Mu nan Tiga sai godiya.

Dalilin wannan takarda shi ne jirgin ruwan marigayi Baba. Na toshe tsagar da ke jikinsa, na goge katakon da samfefa, na yi masa shafin farko da ruwan faiba, mai daskarewa ya liƙe katako, yadda ɗan littafin da ya zo da gwangwanin ya tsara. Saura na ƙarshe, mai hana ruwa shiga. Littafin ya ce da zarar an zuba maganin daskarewa ba a tsayawa, kuma mutum biyu ake so, ɗaya daga goshi, ɗaya daga baya, su haɗu a tsakiya tun yana ɗanye.

Na gwada ni kaɗai. Kafin in kai tsakiya ya daskare a kwano, buroshin ya ƙage. Na waiwaya zan ce, "Yaya, hanzarta," sai na tarar akuya ce a bakin rumfa. Na kankare duk abin da na shafa.

Maƙwabcinmu Malam Idi ya ce, "Habibu, ka cika tsoro. Mu da kwalta muke liƙewa, ga mu da rai." Ya so ya kama mini, amma hannunsa rawa yake.

Ruwan faiban da ya rage na shafi ɗaya ne, damina kuma ta matso. In ta same shi haka, katakon zai ruɓe.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Ba matsa maka nake ba, amma na sayo buroshi biyu, suna rataye a rumfa.

Ƙaninka,
Habibu