Sarkin Dutse Ya Tafi Hutu

Reykjavík, ranar Alhamis

Zuwa ga yayata Bergljót,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar, kumburin ya sauka? Yaya sanyin kaka, ya fara shigo miki ta tagar kicin ɗin nan da kika ƙi bari a gyara? Mun iso jiya da yamma lafiya lau. Da hannu nake rubuta miki a takardar otal, zan ɗauki hotonta in turo ta waya. Na san in kira na yi sai na yi ihu kafin kunnen nan naki ya ji, abin da zan faɗa kuwa ba na ihu ba ne.

Yaya, hankalina bai kwanta da wannan tafiya ba. Ki duba min. Shekara goma sha tara mijin nan nawa Ketill yana sarkin dutse. Shi ke raba mahaya, wane bi wannan kwazazzabo, wane bi wancan, har a koro tumakin kwarinmu kaf daga dutse. Ranar da aka binne mahaifiyarsa ma daga maƙabarta ya wuce ya ɗaura sirdi. Shi ne bana, saura kwana uku a hau dutsen, ya miƙa wa maƙwabcinmu Torfi sarautar, ya shigo yana karkaɗa min wata takarda, wai ya biya mana hutun kwana biyar, yawon ganin birni da kallon hasken arewa. Hasken arewa fa! Hasken nan mai launi da ke fitowa a sama da dare, wanda nake gani duk kaka in na fita rufe rumbun ciyawa. Na ce, "Ketill, ko tarakta ce ta buge ka a ka?" Ya ce, "Ke dai ba a iya miki, Halla. Shekara talatin da shida kina mitar ban taɓa kai ki ko'ina ba, yau na ce taso mu je, kin tsaya bincike kamar 'yar sanda."

Tun daga gida ni na tuƙo mu har nan, wai kafaɗarsa ke ciwo. Mutumin da ko coci ba ya yarda in tuƙa shi. A titi kuma sai ya saƙalo hannuna, kai ka ce jiya aka ɗaura mana aure. A gidan abinci ya turo min takardar jerin abincin ya ce in zaɓa mana duk abin da raina ke so. Wata za ta ji daɗi. Ni kuwa na san mijina, ba ya laushi haka kawai, sai in ya yi ɓarna yana neman inda zai fara faɗa.

Ga abin da nake zargi, kuma ina jin kunyar rubuta shi. Sau biyu a watan Agusta na same su shi da Torfi a bayan rumbu suna ƙus-ƙus, ina zuwa suka koma zancen ruwan sama. Torfi kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan tumakinmu. Ina tsoron Ketill ya sayar masa da garken Baba, ya kawo ni nan ne don a raba su ba idona. Ɗari biyu da arba'in, Yaya, kowacce da tsagar kunnen Baba, jikokin waɗanda muka shayar da kwalba ni da ke.

Don Allah ranar Asabar ki daure ki je shingen rabo inda ake ware wa kowa tumakinsa, ko a kujera ne ki zauna. Ki sa ido ki ga ɗakin wa a cikin shingen ake jan namu. Kada ki nuna wa kowa ni na aiko ki.

Ki gaishe da kowa, ban da Torfi.

Ƙanwarki,
Hallbera

Reykjavík, ranar Asabar da yamma

Yayata Bergljót,

Ina gaishe ki da gajiyar shinge. Ina fatan tsayuwar ba ta tayar miki da ƙafar ba, kuma kin samu wanda ya mayar da ke gida. Ni lafiyar jiki kam ina da ita.

Saƙonki ya same ni a cikin motar yawon buɗe ido, tsakanin wata Bajapaniya da mijinta. Sau uku na karanta. Ashe da gaske ɗakin Torfi ake jan tumakinmu, a gaban duk mutanen kwari, kuma da kika tambaye shi bai ko ji kunya ba ya ce miki Ketill zai yi bayani. Ga Ketill kusa da ni ya jingina kai yana sauraron yarinyar da ke yi wa baƙi bayani da Turanci kamar yana fahimta. Ita kuma Jamusawa ta ɗauke mu, shi kuwa bai gyara mata ba. An kai mu bakin tashar jiragen ruwa, an kai mu tafki mu kalli agwagi, an hau da mu hasumiyar coci. A can sama kowa na rububin taga, shi ya tsaya baya ya ce rufin gidaje ai duk ɗaya ne. To me ya kawo mu?

Bari in koma jiya, don ban gaya miki ba. Da safe ya goge takalmansa, ya ce zai je neman wani ƙarfe na injin ɗaure ciyawa, in zauna in huta. Awa uku. Ya dawo a tasi, ba ƙarfe ba dalilinsa, sanye da baƙin tabarau alhali ruwa ake yi. Na matsa kusa kamar zan gyara masa kwala na shinshina bakinsa, ba warin giya. Da giyar ce ma da na fi samun sauƙi.

Yana wanka wayarsa ta yi ƙara, na ɗauka. Wata mace ce mai murya sumul, ta ce sunanta Svala. Ta ce in gaya masa ranar Litinin ƙarfe tara da rabi, kuma wannan karon lallai ya zo da ni. Wannan karon! Na ce, "Baiwar Allah, daga wane ofis?" Ta ce ba ta da izinin faɗa, in tambaye shi. Na ce, "To ki gaya wa ubangidanki ya tanadi alƙalami mai kyau, don shi zai ci." Sai ta ce a gaishe da Ketill.

Kin ga inda zancen ya dosa. Gonar da sunanmu mu biyu take, ba ta sayuwa sai da sa hannuna. Tumaki sun tafi da musafaha, saura ƙasa, shi ne za a kai ni wurin lauya bayan an cika min ciki da miyar rago mai tsadar da ko gishiri bai ji ba. Ba kishi nake da Svala ba, kada ki yi min dariya, wa zai ɗauki Ketill da minsharinsa? Abin da ke ci min rai shi ne shekara talatin da shida muna tashi tare cikin dare lokacin haihuwar tumaki, hannuna da nasa a cikin tunkiya ɗaya, amma ya iya kallona ya yi min ƙarya da murmushi.

Ban ce masa komai ba tukuna. A ɗaki in na ɗauko magana sai ya shige banɗaki ya saki ruwa. An ɗage kallon hasken zuwa gobe saboda hadari. Can za a kai mu bayan gari, ba banɗaki ba ƙofa, can zan tsare shi.

Ki ce wa Torfi ko tunkiya ɗaya ta hau mota kafin in dawo, ni da shi ne.

Taki,
Hallbera

Reykjavík, ranar Litinin da sassafe

Yayata abin ƙaunata,

Barka da asuba, da fatan kin tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma in da wani a kicin ɗin ki bari ya fita.

Jiya bayan cin abincin yamma aka kwashe mu zuwa wani fili a gabas, aka raba mana shayin cakulan mai zafi. Na ja Ketill gefe, na shirya maganata tsaf tun a mota. Ban kai ga buɗe baki ba sai hasken ya fito, kore shar, daga wannan dutse zuwa wancan, irin wanda ko mu ba kullum muke samu ba. Baƙi suka ɗauki ihu. Shi ma ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Halla, dubi kore!" Sai na ga ba can yake kallo ba. Ya juya wajen kudu, inda fitilun gidajen noman tumatir ke haska gajimare da launin ruwan lemo.

Na ɗauka iya shege ne. Don in gwada shi na ce, "Ga shi can ya koma ja, ka gani?" Babu ja ko ɗigo. Ya ce, "Na gani mana, ja wur."

Yaya, sai na zauna a kan dutse. Na ce, "Ketill, tun yaushe?" Ya lalubo dutsen ya zauna. Ya ce shekara biyu. Tsakiyar ganinsa ce ta tafi, ido biyun, gefe-gefe kawai ya rage, da duhu kuwa kusan babu. Fuskata ma ya ce sai ya kalli kunnena yake ganinta. Svala ma'aikaciyar likitan ido ce. Yau za su fara yi masa allura a idon, ba don ya dawo ba, don abin da ya saura ya daɗe.

Akwai wadda ta fi wannan, kuma taki ce. Tumakinki bakwai da suka mutu a ƙanƙara bara, ba hazo ba ne kamar yadda aka ce. Shi ya tsaya a bakin kwazazzabon ya duba, ya ɗaga hannu ya ce wa mahaya ba komai a ciki, a wuce. Wa zai sake duba inda sarkin dutse ya duba? Suna ciki. Ya ce tun da aka tsinci gawarsu bai ƙara barci mai kyau ba, kuma duk ranar da kika kawo mana burodi ji yake kamar ya nutse.

Na zage shi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce masa wawa, mai girman kan banza, da ya gwammace in ɗauke shi maci amana da in san ba ya gani. Ya ce, "Maci amana ai namiji ne, Halla. Makaho kuwa sai a riƙa ba shi kujera." Na ce to hasken arewan fa, na mene ne? Ya ce ba zai iya zama a gida yana jin kofaton dawakai suna hawa ba shi ba, kuma in ya ce asibiti zai je, kafin yamma kwari ya ji. Hutu ne kawai abin da mutane za su yi wa dariya ba su yi tambaya ba. Ni kaina sai da na yi dariyar, ina hawaye, har Bajapaniyar nan ta miƙo min hankici.

Zargina bai faɗi ƙasa duka ba. Gonar ba ta cikin ciniki, amma garken ya ba Torfi, ya ce masa gajiya ce. Kwana na yi ina juya abin. Zan iya tayar da cinikin, musafahar Ketill ba tawa ba ce. Amma in na tayar sai an tambayi dalilin da ya sa ya sayar a ɓoye, Torfi kuma ba yaro ba ne, zai haɗa da bara. Kuma in faɗa miki gaskiyar da ban so, ni kaɗai ba zan iya da ɗari biyu da arba'in ba a watan haihuwa. Ina son tumakin nan kamar raina, Yaya. Amma ba zan iya ganin ranar da za a nuna Ketill a shinge a ce ga wanda ya bar tumaki a dutse ba.

Saboda haka ga roƙona. Ki je wurin Torfi ki janye abin da na aiko ki da shi, ki ba shi haƙuri. Ki ce ni ce na matsa a sayar, gwiwoyina sun gaji, na ɗanɗana gadon otal na raina rumbu. Ki faɗa a shago ma, a gaban matar mai gidan mai, kafin azahar kowa ya ji. Za su ce 'yar Baba ta sayar da gadon ubanta don ta yi yawon birni. Su ce. Na fi shi iya ɗaukar magana.

Kafin motar kwasar tumakin ta zo, ki shiga da kanki ki zaɓi bakwai mafi kyau, ki shafa kunnensu da hannunki ki tabbatar. Naki ne, shi ya ce, kuma ya ce zai zo ya faɗa miki da bakinsa in ya samu ƙarfin hali. In ya zo ki yi kamar ba ki sani ba. Na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, kuma ban da ke zan cika.

Kada ki turo min hoton ɗakinmu na shinge, ko na tambaya. Zan tsaya nan, yana kirana in zo in duba masa ko rigar da ya ɗauko fara ce.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hallbera