Kunyar 'Yar Fari

Garwa, ranar Asabar

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida a Damagaram. Yaya ciwon gwiwar nan? In kin daina shan maganin da na aiko zan ji, kin san ba a ɓoye mini komai.

Inna, ba daga Faransa nake rubuto miki ba, daga Kamaru ne. Kada ki ce na yi tafiya babu sallama, maigidana ya sani, shi ya kai mu filin jirgi. Flore na rako, ƙawata da muke aiki tare a asibiti, wadda na taɓa gaya miki baƙa ce amma iyayenta Turawa. A nan Garwa suka ɗauke ta daga wani gidan renon yara, tana 'yar shekara guda. Yanzu shekarunta talatin da ɗaya, ko sannu ba ta sani ba da Hausa. Ta daɗe tana neman danginta, sai bana aka dace da yayan mahaifiyarta, wani dattijo mai sayar da atamfa, Kawu Hamadu. Ashe Hausawa ne, fatauci ya kawo kakanninsu suka zauna. Shi ya sa ta roƙe ni in zo in zame mata baki da kunne.

Jiya Kawu ya same mu a otel, ya ba mu labari yana share gumi da hula. Ƙanwarsa Hindu a garin Maga ta haihu. Mijinta ya rasu kafin a yi arba'in, zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ƙafe. Shi ya kawo jaririyar gidan renon, aka ba shi takarda da Faransanci ya dangwala yatsa. A ganinsa riƙo ne, irin wanda kowa ke bayarwa, in an yaye a dawo da ita. Da suka koma karɓarta aka ce ai ta haye teku. Rahma suka sa mata ranar suna.

Na fassara mata duka, ta saurara ba ta ko ƙifta ido. Amma ba labarin Kawu ya kawo ta ba. Abu ɗaya take so ta sani, ko uwarta ta so ta, kuma ta ce a fuskar uwar za ta gani, ba a bakin kowa ba. Tun a jirgi take haddace kalma uku, ni ce 'yarki, tana karya su kamar mai tauna ƙanƙara.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Na tambayi Kawu ko ita ce 'yar fari, ya ce ita ce. Nan take na tuna da kunyar 'yar fari. Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ga yadda take goge rigar da za ta sa, na fasa. Na ce wa kaina bayan shekara talatin wa zai tsaya wata kunya. Gobe da hantsi za mu je gidan. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Sharifa

Garwa, ranar Talata

Innata,

Ina gaishe ki, ina gai da Baba. Ina fatan kun kwana lafiya. Ni kam lafiyar jiki kawai gare ni, domin na yi ɓarna, kuma da bakina na yi ta.

Mun je ranar Lahadi. Tun daga bakin zaure mata suka tare mu da guɗa, gida cike, wannan na Hausa waccan na Fillanci. Ƙannenta suka rungume ta suna kuka. Flore sai leƙe take ta saman kawunansu. Kawu ya nuna mata wata siririyar mace zaune a kan tabarma a gindin dalbejiya. Wallahi Inna, ko makaho ya shafa fuskokin nan biyu ya san jini ɗaya ne.

Flore ta durƙusa a gabanta, ta faɗi kalmominta uku, ta miƙa hannuwa. Hindu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai wajen katanga. Ta ce a ba baƙuwa ruwa. Daga nan ta miƙe ta shige madafa. Tsofaffin gidan suna murmushi suna gyaɗa kai, su a wurinsu ta yi abin da ya dace. Flore tana nan a durƙushe, hannuwanta a miƙe.

Ta juyo ta tambaye ni me uwarta ta ce. Na dubi idonta, na kasa gaya mata gaskiya. Na ce mata wai ta ce ba ranar da ta wuce ba ta tuna da ke ba. Ni da wayona, na manta a Garwa nake, inda duk wanda ya je makaranta Faransanci ne a bakinsa. Ƙanwarta Ramatu, malamar makaranta, tana tsaye a bayana. Ba da mugunta ba, ta gyara mini fassara, ta ce a'a, cewa ta yi a ba baƙuwa ruwa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Flore ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta karɓi ruwan ta sha, ta yi godiya, ta zauna awa biyu kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa. Hindu ba ta sake fitowa ba, sai kwanuka ke ta fitowa daga madafa, kifi da shinkafa da miyar yakuwa, har aka rasa wurin ajewa.

A mota na gaya mata gaskiya. Na ce a wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Na ce ni ma 'yar fari ce, shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba, sai dai waccan, ko yarinyar nan. Ta bari na gama, sannan ta ce wannan ƙaryar ta fi ta farko kyau. Ramatu ta yi mata waya ta faɗi abin da na faɗa, Flore ta ce mun haɗa baki ne don mu lallashe ta.

Kwana goma muka shirya yi. Ta je ta sauya tikitinta, za ta tashi jibi Alhamis da ƙarfe biyu. Ta ce sau biyu ke nan matar nan ta juya mata baya, ba za ta tsaya na uku ba. In ta tafi a haka ba za ta dawo ba har abada, na san halinta. Haushin kaina nake ji, kuma ki yafe mini Inna, ina jin haushin wannan al'ada tamu ma.

Taki,
Sharifa

Garwa, ranar Juma'a

Innata,

Barka da Juma'a. Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara miki sauƙin gwiwa.

Shekaranjiya da safe na hau babur ni kaɗai na koma gidan. Na tarar da Hindu tana tsince shinkafa a faifai. Na gaishe ta, na ce Goggo, yau zan yi rashin kunya, ki yi haƙuri. Na gaya mata 'yarta za ta tafi gobe, kuma za ta tafi ne da cewa ba a son ta.

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Da ta yi magana, ba ni take kallo ba. Ta ce ba ta goya yarinyar nan ba, ba ta yaye ta ba, ba ta san ranar da ta fara tafiya ba. Duk abin da uwa ke yi wata ce ta yi. Abu ɗaya ya rage mata na uwa, shi ne kunyar, shi ta ba ta a gaban kowa don a shaida 'yarta ce. Ta ce da ta rungume ta ai da ta maishe ta baƙuwa ke nan da gaske.

Na ce na gane, amma ita ba ta gane ba, kuma ta daina yarda da bakina. Ta ce to ta ji. Iyakar abin da na samu ke nan, na tashi na koma otel.

Jiya da ƙarfe tara Flore ta rufe akwati. Ba ta yi mini magana ba tun Lahadi sai abin da ya zama dole. Muna zaune kowa na kallon bango aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, sai ga Hindu ita kaɗai, da tsinken kitso da ɗan gwangwanin man kaɗe a hannu. Ba ta dubi Flore ba. Ta wuce ta zauna a bakin gado, ta ɗauki matashi ta jefa ƙasa a tsakanin ƙafafunta, ta buga shi da tafin hannu sau biyu.

Flore ta dube ni. Na ce mata wannan karon ba zan fassara komai ba. Na yi zaton za ta ja akwatinta ta fice, har ta kama hannun akwatin. Sai ta saki, ta je ta zauna a kan matashin, ta ba uwarta baya.

Hindu ta warware mata gashi, ta tsaga, ta shafa mai. Ƙananan kitso ta kama, irin wanda ake wuni ana yi, kuma na tabbata da gangan ne. Can na ga kafaɗun Flore sun sauka, ta jingina da gwiwar uwarta. Hawayen Hindu suna ɗiga a kan tsagar, tana sa babban yatsa tana shafe su tare da man. Flore ta kai hannu ta taɓa wurin, ta dubi yatsunta, sai ta kama ƙafar uwar ta riƙe gam.

Da sha biyu ta yi, mai taksi ya aiko a ce yana jira. Ko rabin kai ba a yi ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran abin da Flore za ta ce. Ta ce in sallame shi.

Na sauka na sallame shi, na zauna a matakala na yi kukan da na daɗe ban yi ba. Inna, a ɗakin Kaka na tashi, amma duk ranar kitso ke kike aikowa a kira waccan yarinyar. Har na yi aure ba ki taɓa bari wata ta taɓa mini kai ba. Ina ta mita wai hannunki da zafi, kuma kin fiye daɗewa. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa kike daɗewa ba sai jiya.

Ba sai kin ba ni amsa ba, na san ba za ki iya ba. Zan zo gida da Babbar Salla in Allah ya yarda, kuma da tsefaffen kai zan zo.

A gai da Baba da kowa da kowa.

'Yarki ta fari,
Sharifa