Zuwa Zance a Cikin Baro

Zuwa ga Wasila, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar fadama, inuwar ɗorawa da tsakar rana, farar tantabarar Tsafe da ta yi sheƙa a ƙirjina ba tare da ta nemi izinin mai gida ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda da a buhu ake zuba ta sai an kira 'yan dako, ina fata kina lafiya, ke da Inna da Kawu Yari. Ni ma lafiyata ƙalau daga ƙugu zuwa sama. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, kamar kullum, ba su aiko mini da wani labari ba.

Ya rabin raina, kin tuna haɗuwarmu ta farko a ɗakin gashin ƙashi na asibiti a Gusau? Ni ban daɗe da faɗowa daga saman motar hatsi ba, lakata ta tsinke, ina jin haushin duk wani mai tafiya da ƙafarsa, har kaji. Ke kuwa kin riga ni shiga wannan makaranta tun hatsarin motar da ya same ki, kina murza kekenki kamar a kansa aka haife ki. Kika zo wucewa, gefen mayafinki ya shige tayar kekena ya naɗe. Na ja baya, kika biyo ni. Kika ja gaba, na bi ki. Ma'aikaciyar jinya ta gaji da kwancewa, ga layi ya taru, sai kawai ta haɗa mu ta tura tare har ƙarshen baranda kamar shanun huɗa. Kowa na dariya, ke kina rufe fuska, ni kuwa ina roƙon Allah ya ƙara wa barandar nan tsawo. Wallahi a ranar na fara yafe wa duniya.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san manya sun zauna a kan maganarmu, Kawu Yari waliyyinki da yayana Bashiru, kuma sun yarda a ɗaura aure, Allah ya saka musu da alheri. Amma da aka zo kan inda za mu zauna, sai hikima ta yi musu yawa. Suka ce ke Inna ce ke ɗaga ki ta kwantar, ni kuma Bashiru, saboda haka kowa ya zauna inda mai ɗaga shi yake, ke a Tsafe, ni a Bungudu. Wai a yi auren ɗauki sandanka, mata na gidansu, miji na zuwa yana komawa. Auren da aka tanada wa dattijo mai ƙafa biyu da sanda ta uku, shi aka duba aka ga ya dace da ni! Wace sanda, Wasila? Ni da sai an ɗauke ni, me kuma zan ɗauka?

Bashiru mutum ne mai tsari. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, gara in gwada hanyar tun yanzu, ni kaɗai, yadda zan riƙa yi bayan aure. Na nemi wayarki ba ta shiga, kin san sabis ɗin garinku sai ya ga dama. Na sa sabuwar shaddata da hular da kika ɗinka mini da hannunki, Bashiru ya saka ni a mota, aka ɗaure kekena a sama kusa da kwandon zabi. A tashar Gusau 'yan kamasho biyu suka yi rububin fasinja. Ɗaya ya sungume ni ya dasa a motar Tsafe, ɗayan ya sungumi keken ya ɗora a motar Ƙaura, kowannensu yana rantsuwa shi ya fara kama ni. Ina ta kira ta taga, direba ya ce in kwantar da hankalina, kaya ba sa ɓata a tasha, sai dai su yi yawo. Haka kekena ya tafi buɗe ido, ni kuma na taho ganin ki.

A tashar Tsafe aka ajiye ni a kan benci kamar saƙon da ba a zo karɓa ba. Wani mai baro da ya gama sauke albasa ya tausaya mini, ya shimfiɗa buhu, ya zuba ni ciki, ƙafafuna na reto a gaba. Haka masoyinki ya ratsa garinku, ya tauraruwata, yana ƙamshin turare daga sama yana warin albasa daga ƙasa. Wata tsohuwa ta yi mini addu'ar samun sauƙi. Wani bawan Allah ya miƙo mini sadaka, na ce masa ni ango ne mai jiran gado, ya mayar da hannunsa aljihu ya ce to Allah ya ba amarya haƙuri.

Da muka iso ƙofar gidanku, dokin ƙofar zauren nan da Kawu ya ɗaga saboda ruwan damina ya ce bai san zancen ba. Baro ya ƙi hawa. Aka yi mana sallama, sai aka ce ai tun da safe an kai ki Gusau ganin likita. Wayyo Wasila! Ashe ina gudun Gusau kina shigarta. Wa ya sani ko motarku ce ta gifta mu a hanya ina can ina leƙen taga ina kukan keke?

Saboda haka da Inna na yi zance. Ta kawo mini fura, ta zauna a kan dokin ƙofa, ni ina cikin baro, mai baro na tsugune a gefe yana jiran a sallame shi. Duk wanda ya gan ni a ranar ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ban ƙi ka ba. Amma in ka tafi da ita, wa za shi juya mani ɗiyata in dare ya raba?" Da za ta tashi na ga ta dafa bango, ɗayan hannun a kan ƙugunta, sai da ta huta a rabin miƙewa. Kafin la'asar kuma dole aka mayar da ni tasha, don kin san hanyar nan yanzu ba mai bin ta da yamma. To wannan aure ne ko dubiya? Keken dai ya dawo washegari daga Ƙaura, da kashin zabi a mazauninsa, ya fi ni sanin duniya.

Tambayar Inna ba ta wasa ba ce, ni da ke mun fi kowa sani. Wanda ba ya jin bayansa, in ba a juya shi ba gyambo ne zai ci shi a kwance. Shekarun nan ita ke yi miki, barcinta rabi da rabi, ba ta taɓa yi miki gori ba. Ban ba ta amsa a ranar ba, don maganar da ta fito daga cikin baro ba ta da nauyi. Amma ke zan ba ki.

Na samu ɗaki a Gusau, a gidan Mama Marta, wata dattijuwa Kirista da ta yi ritaya daga koyarwa take ba da hayar ɗakuna. Da na faɗa mata halinmu ba ta yi dogon tunani ba, ta ce a fasa dokin ƙofa, a faɗaɗa ƙofar yadda keke zai shiga ba tare da ya goge gwiwar hannu ba. Ɗanta Ayuba mai walda ne. Ya ƙera mana gado daidai tsayin keke, da ƙarfe a sama wanda mutum zai kama ya ja jikinsa. Murhu a kan tebur yake. Teburin gyaran wayata zai zauna a bakin titi, hulunanki a rataye a gefensa. Ɗakin Mama Marta na jikin namu, ta ce bugun bango ya ishe ta ji. Akwai kuma wurin shimfiɗar Inna duk ranar da ta zo, a matsayin baƙuwa wadda za a dafa wa.

Juyi kuwa ina nan ina koyo duk ranar da Bashiru ya kai ni ɗakin na Gusau, ya ƙanshin ƙasa bayan yayyafi. Na sa an kwantar mini da buhun dawa a gefena, ina juya shi dama da hagu. Ranar farko ya suɓuce ya faɗo ya fashe, kajin Mama Marta suka yi sallarsu. Na gode Allah ba ke ba ce. Da hannu ya fara faɗawa sai na roƙi Bashiru ya kwanta a madadinki bayan azahar. Mutumin da ya yi biyunki a nauyi, ga minshari! Na juya shi, na sa masa matashi a tsakanin gwiwa, na gyara masa dunduniya, bai ko motsa ba. Da ya farka ya ga kansa yana kallon bango, sai ya ce shi dai bakinsa ya mutu. Ƙafafuna sun ajiye aiki, amma hannuwana sun ci gadonsu. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to mu huɗu gare mu. Ni in juya ki, ke ki juya ni.

Ba zan yaudare ki ba. Wata rana ɗayanmu zai zame ya faɗi, mu yi ta bugun bango har a zo. Wata rana tuwo zai ƙone muna kallo. Ina jin tsoro, kuma na san ke ma kina ji. Amma tsoron da ya fi cin raina shi ne in tsufa ina mijinki na tsakar rana, in riƙa jin labarin ciwon kanki a bakin mutane.

Ranar Juma'a Kawu Yari zai tambaye ki a gaban manya ko kin amince da tsarinsu. Na san kunyarki, Wasila. Za ki sunkuyar da kai ki yi shiru, su kuma su ce shirun budurwa amincewa ne, a shafa fatiha a tashi. Don Allah, don darajar iyayenki, kada ki yi shiru. Ba huɗuba nake nema ba. Ki ɗaga kai ki ce Gusau kike so, ko da muryarki na rawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa masu ƙaunar tamu daga waje suke hangen rufin.

Tun da na faɗi ni abin ajiyewa ne. A ajiye shi a inuwa, a matsar da shi rana ta zo, a shigar da shi hadari ya taso. Da ƙauna ake yi, na sani, amma ko sau ɗaya ban sake rufe ƙofa daga ciki ba, don kullum akwai wanda dole ya shigo. Da Ayuba ya zo sa sakata a ƙofar ɗakinmu, ya tambaye ni a ina zai kafa ta. Na miƙa hannu daga kan keke na nuna masa, sannan na ce ya ƙara saukar da ita kaɗan, don hannunki bai kai nawa tsawo ba. Tana nan sabuwa, ta sha mai. Duk zuwan da na yi sai na zauna na dube ta, amma ban taɓa zura ta ba. Na bar miki.

Naki a zaune, naki a kwance, har ranar da za a yi mini ɗaukar ƙarshe,

Mas'udu
Bungudu