Jan akwati da kujerar Jamesie

Lahadi, 6 ga Oktoba

Akodiyan ɗin Jamesie, akwatin kiɗan nan da ake ja ana turawa, ya mutu a hannuna yau, ana tsakiyar rawa. Na ja, zugazugin ya yi fus kamar tayar keke, masu rawa suka tsaya cak a tsakiyar ɗakin taron coci suna kallona. Bridie Considine, wadda ta haura saba'in amma ƙafarta ta fi ta 'yan mata, ta ce, "Tim, akwatin ne ya ƙare ko kai ne ka ƙare?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Kusan shekara ashirin ina yankin Clare a ƙasar Turawa, har yau Tanimu ya fi ƙarfin bakinsu.

Ba laifin akwatin ba ne, ya girme ni. Tun da ɓarin jikin Jamesie ya shanye nake riƙe masa kujerarsa ta makaɗin rawar ranar Lahadi, da akwatin da ya koya mini kiɗa a kai. 'Yan kwamiti sun ce in wata ya ƙare babu makaɗi, faifai za su riƙa sawa a lasifika. Ba da mugunta suka faɗa ba. Mutane rawa suka zo yi.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kai wa Cathal mai gyara a garin Ennis. Ya buɗe, ya leƙa, ya shinshina. Danshi ya cinye katakon, harsunan ƙarfen da ke ba da sauti duk sun yi tsatsa. Ya ce, "Wannan sai dai a yi masa jana'iza ta mutunci. Lokaci ya yi da za ka sayi naka."

Na ce ni da zan koma gida? In ya lalace a Gumel wa zai taɓa mini shi? Ya ce, "Bara ma haka ka ce. Da bara waccan." Ina ruwansa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ruwa. Aiki. Wankin zannuwan asibiti ba ya ƙarewa. Bayana.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je gidan tsofaffi wurin Jamesie. Bakin ya karkace amma faɗan yana nan. Da na gaya masa akwatinsa ya tafi, ya kalli taga, ya ce, "Dama ya gaji da kai."

Sannan ya shiga karatu. Kada ƙyalli ya ruɗe ni. In riƙe akwati ta gefe ɗaya in sake shi ba tare da na taɓa maɓalli ba, in ya buɗe da sauri to yana yoyon iska. Maɓallai kada su yi ƙwas-ƙwas. Kada in yarda a liƙa mini irin wanda samari ke yayi, mai zuba kiɗa sumul. Ni a kan tura-da-ja aka raine ni, hannuna ba zai sake sabon hali ba.

Na tashi zan tafi ya kama rigata da hannun mai lafiya. "Kuma ba kunnenka ne alƙali ba, yaro. Ƙafa ce. A garinmu ba a sayen akwati sai an taka masa rawa a kan daɓen dutse. Ka kai wa Bridie."

Yaro. Furfura ta cika mini gemu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Cathal ya ba ni akwati biyu in zo gida da su. Ko sa hannu bai ce in yi ba. Wannan hali nasu, duk ƙorafina, ban taɓa rasa shi ba.

Ɗaya baƙi ne, sabo, ƙarami, ba nauyi. Muryarsa busasshiya, tsaf, kowane sauti shi kaɗai. Cathal ya ce zai yi shekaru bai nemi kowa ba. Na gwada shi a jakar tafiyata da ke saman kabad, ya shiga har da sauran wuri.

Ɗayan ja ne, tsohon ɗan Italiya, nauyi kamar buhun siminti. Muryarsa jiƙaƙƙiya, kowane maɓalli harsuna uku ne ke amsawa, an ɗan karkata su da gangan don sautin ya riƙa rawa. Duk bayan sanyi sai an mayar wa Cathal ya daidaita shi, in ba haka ba ya koma kukan akuya. Rabin awa na kaɗa, kafaɗata ta fara magana.

Baƙin nake so. Magana ta ƙare.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kicin ɗin Bridie, bayan azahar. Ta ture tebur gefe, ta kira maƙwabcinta Mossie ya zama abokin rawa. Ta ce in zauna a lungu bayan ƙofa don kada ta ga wanda na ɗauka.

Na fara da baƙin. Sun taka, ba laifi. Da suka gama ta ce, "Yana da ladabi, kamar sabon fadan coci a ranar farko. Amma da Mossie ya fara dukan ƙasa ban ƙara jin sa ba." Mossie ya ce ba laifinsa ba ne, takalmin ɗan'uwansa ya aro.

Na ɗauki jan. Ban kai ƙarshen zagayen farko ba na ji daɓen dutsen kicin ɗin yana amsawa. Kofuna na kaɗawa a kan kantar kwanuka. Mossie ya yi ja kamar akwatin, yana cewa, "Bridie, za ki kashe ni, ina da shanu." Ba ta tsaya ba sai da na tsaya.

Ta ce, "Wannan. Ya ɗaga ni tun daga ƙasa."

Na fara bayani, nauyi, kafaɗa, gyara duk shekara, kuma in na tashi tafiya... Ta katse ni. "Tim, jirgi kake saya wa akwati ko mu?"

Na sha shayina. Burodinta mai zabibi ya yi daɗi, raina a ɓace ma na ci biyu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Da sauƙi a wurin Bridie, a gadon da aka haife ta take kwana. Amma gaskiya ta faɗa. Ɗakin taro ya ninka kicin ɗinta, ga ƙafafu da yawa. Baƙin ba zai kai ƙofa ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ƙanina Sabi'u ya kira. "Yaya, yaushe?" Na ce bayan sanyi. Ya yi dariya. Wai babban ɗansa ya tare a ɗakina, ya ma sake fenti. Na jira in ji zafi. Ya zo, amma bai daɗe ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Jan na kai. 'Yar Jamesie ta turo shi a keken guragu, aka ajiye shi kusa da ni, don ya ji kurakuraina da kyau. Ɗaki ya cika. Ina kiɗa ina satar kallon ƙafarsa mai lafiya, tana bugun ƙarfen keken, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

Da aka tashi shan shayi ya ce, "Ka yi gudu a rawa ta uku. Wa ya biyo ka?" Sai ya ɗora hannu a kan akwatin, ya bar shi a wurin har shayinsa ya huce.

Na ga ɗan kwamiti yana mayar da lasifikar ɗakin ajiya. 

Kafaɗa kamar an sare ta. Alhamdulillahi.

Talata, 29 ga Oktoba

Na mayar wa Cathal baƙin. Ya auna kafaɗata zai yanka mini sabuwar igiyar fata mai faɗi, ya ce sai ta ci sanyi biyu kafin ta yi laushi. Na ce ba komai. Ya ce in kawo jan a Afrilu, da Afrilun gaba. Na ce to. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ci gaba da yanka.

Ya haɗo ni da tsohon akwatin Jamesie, wai ba shi da zuciyar jefar da shi. Ɗakina ba wuri. Na sauko da jakar tafiya, na naɗe shi da bargo na sa a ciki, na mayar saman kabad. Ya shiga daidai.

Rashin wuri ne kawai.