Hutu a Gidan Daddawa

Kwamba, Suleja
11 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da ɗalibanki. Mun sauka lafiya ran Asabar, in dai wannan ma ana ce mata lafiya. Lado direban motar doya ne zai kawo miki takardar nan. Yana shiga Zariya sau biyu a mako, sai ki ba shi amsa.

Kin san yadda baban Gwadabe ya shekara yana cika mana kunne da garin nan, Abuja kaza Abuja kaza, har aka sauya wa garin suna bai gaji ba. Wai tunda an ba da hutun makaranta mu zo yara su ga dangi. Dangin kuwa sai da ya zana mini a ƙasa kafin na gane. Gwaggo Sailuba da muka sauka wajenta, kakanta da kakan mahaifinsa wa da ƙane ne. Ya taɓa yin wata uku a ɗakinta yana yaro, lokacin da ya yi ƙyanda. Iyakar zumuncin ke nan.

Tun a Tafa abin ya fara. Gwadabe ya ci dafaffen ƙwai uku ya amayar mini da su a zane. Na ɗauka na gama ganin ƙazantar ranar, ashe somin taɓi ne. Yaya, gidan nan hanci ke fara isa kafin ƙafa. Daddawa suke yi, mata biyar, kuma yanzu ne lokacin kalwa. Tukwane uku ba sa sauka daga murhu. Ruwan wankin kalwa ya yi kwata baƙa wuluk ta ratsa tsakar gida har bakin ɗakin da aka ba mu. Ga kwanduna an lulluɓe da ganye da tsumma ana jira su ruɓe. Ƙudan mangwaro da ƙudan daddawa sun haɗu sun zama dangi, kuma nasu zumuncin ya fi namu kusa. A gabana Gwaggo ta yaye tsumma, ta cusa hannu cikin abin nan mai yauƙi, ta shinshina, da hannun nan ta karɓi Ummi daga bayana. Ta tauna nama ta sa mata a baki. Na yi murmushi, amma Allah ya ga cikina.

Shi kuwa wanda ya kawo mu, ran Litinin ya saɓa jakarsa ya koma Kaduna, wai masaƙa ba ta san hutu ba. Ya bar ni da yara uku har mako biyu.

Abu ɗaya ne ya ɗan ba ni dariya. Gwaggo ta maƙale wa babbar. Ƙatuwar yarinya mai shekara bakwai ta ɗora ta a cinya kamar jaririya, ta ce a gaban matan gida, "Lauratu, kin bar mini wannan?" To me zan ce, 'yar fari ce. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ina ruwana da ita, Gwaggo? Ai taku ce." Sai aka rangaɗa guɗa. Baban Gwadabe, lokacin bai tafi ba tukuna, yana bakin zaure yana dariya, ya ce an ba ta.

Don Allah ki aiko mini da sabulu mai ƙamshi da turaren wuta. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Lauratu

Tudun Wada, Zariya
14 ga Afrilu, 1979

Lauratu,

Na amsa gaisuwa, mu ma lafiya lau. Ga sabulu uku da turare, Allah ya sa su isa wanke Suleja baki ɗaya.

Na yi dariya har Malam ya leƙo. Ke da kike suɗe kwanon miyar kuka har da yatsa, da kin ɗauka a kanti ake haihuwar daddawa? Tun kina ƙarama haka kike, ƙuda ya faɗa kunu ki kwana da yunwa. Ki daure, mako biyu ba shekara ba ne.

Amma akwai inda na daina dariya. Na san ba kya kiran sunan Rabi, ba kya jan ta a jiki, ba kya shiga maganarta a gaban manya. Haka aka ce uwa ta yi da ɗan fari, kuma ke kin fi kowa iyawa. Sai dai kin ce an yi guɗa. Ni ban taɓa jin an yi guɗa a kan wasa ba. Ki duba mini abu biyu: a wane ɗaki take kwana, kuma ina akwatin kayanta yake.

Ki shafa mini kan yaran.

Yayarki,
Asama'u

Kwamba, Suleja
17 ga Afrilu, 1979

Yaya Asama'u,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso, na gode. Ban ko kwance turaren ba.

Akwatin yana ɗakin Gwaggo. Tun ran Laraba aka ɗauke shi ina rafi wajen wanki, ni kuma sakarya na ɗauka fili aka rage mana. Kitson da na yi mata da hannuna Gwaggo ta tsefe, ta lafta mata man shanun da ya yi wata a ƙwarya, ta yi mata nata. Ta ba ta 'yar tabarma kusa da turmi tana koya mata mulmula daddawa. Kuma daga safe har yamma sunanta take kira, kamar mai tallarsa.

Na samu matar Salisu, ɗan ƙanen Gwaggo, don ita ce ta fi sakin fuska. Na kewaya na kewaya, na ce ai ranar biyu ga wata za a koma makaranta, yarinyar tana aji biyu. Ta ce makaranta akwai a nan, in aiki ya yi sauƙi za a sa ta. Ta kuma dube ni ta ce, "Ke dai kin burge mu. Matan birni yanzu ba su da kunya, amma ke ko ƙifta ido ba ki yi ba." Yabona take yi, Yaya.

Ba zan yi wa tsohuwar ƙarya ba, tana son yarinyar. Haihuwa shida ta yi, babu wanda ya kai yaye. Tsokar da ta fi kyau ita take ba ta. Amma ni na binne mata 'ya'yan? Ƙyamar gidan nan ta ishe ni, yanzu kuma ga ƙyamar mutanensa, masu yi maka fara'a suna auna abin da za su zare daga hannunka.

Akwai abin da ban so in rubuta ba. Jiya ina zaune ina ba Ummi nono, sai ga babbar da gudu, hannu baƙi ƙirin, ta kawo mini daddawar farko da ta mulmula da kanta. Ta jingina da gwiwata. Matan suna kallo, warin man shanun nan kuma ya bugi hancina. Na ce, "Matsa can, kina wari." Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Gwaggo ba ta cewa ina wari." Ta ɗauki abarta ta koma. Tun jiya ba ta ƙara zuwa inda nake ba.

Na rubuta wa babanta, na ba Lado ya ajiye masa a Kaduna. Shi ya yi dariyar, shi zai zo ya warware. Ni ba ni da baki a kanta.

Taki,
Lauratu

Kakuri, Kaduna
19 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga iyalina Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da ke cewa takardarki ta same ni, kuma na fahimci abin da ke cikinta.

Maganar Rabi ba wasa ba ce. Tun bara da na zo gaisuwa na yi wa Gwaggo alkawari, saboda matar nan ta yi jinyata lokacin da kowa ya fid da rai da ni. Dalilin tafiyar ke nan. Ban gaya miki ba domin ba a shawara da uwa a kan 'yar fari, kin sani. Duk da haka Gwaggo ta girmama ki ta tambaye ki a gaban mutane, kuma ke da bakinki kika ce ina ruwanki. Yanzu in na janye, da wane ido zan dubi dangi?

Gaskiya na yi mamakin takardarki. Shekara bakwai ban taɓa ganin kin rungume ta ba, saboda haka na ɗauka abin zai zo miki da sauƙi.

Lado zai ɗauko ku ran Talata, ashirin da huɗu ga wata, ke da Gwadabe da Ummi. Ki yi sallama da kowa cikin mutunci. In Gwaggo ta ba da daddawa ki karɓo, tasu ta fi ta kasuwar nan.

Haza wassalam.
Maigidanki,
Mu'azu Bamalli

Tudun Wada, Zariya
20 ga Afrilu, 1979

Ƙanwata Lauratu,

Ina gaishe ki. Yau babu tsokana.

Ke auta ce, a cinyar Inna kika girma, shi ya sa akwai abin da ba ki sani ba. Kin dai san a Soba na tashi wajen yayar Baba, kina ce mini 'yar ƙauye. Ba ki taɓa tambayata yadda na je ba.

Ina da shekara shida aka zo ɗaukata. An ɗaura mini sabon zane, an ba ni alewa. Inna tana tsakar gida tana tankaɗen gari. Na tsaya a gabanta da ƙunshina, ina jira ta ce wani abu, ko faɗa ne. Ba ta ɗago ba. Rariyar nan dai take kaɗawa, har aka ja hannuna. Shekara goma sha ɗaya na yi a Soba. Ba a dake ni ba, ba a hana ni abinci ba, har makaranta aka sa ni. Amma duk shekarun nan abin da na sani shi ne uwata ta ba da ni don ba ta so na.

Sai a ciwon ajalinta, ina shafa mata ƙafa, ta ce mini ranar nan ta shiga bayan rumbu ta yi kuka har muryarta ta dishe, kuma kwana uku ba ta ci abinci ba. Na ce, "Inna, ni ban ji ba." Ina da shekara talatin da huɗu a lokacin. Na yafe mata, amma ban san inda zan sa wannan kukan ba.

Mutane sun yabi Inna da kunya har ta koma ga Allah. Ke ma ga shi ana yabonki. Rabi ba ta san al'ada ba, abin da ta ji kawai ta sani: ina ruwanki da ita, kuma tana wari. Kada ki jira Malam Mu'azu, ba zai zo ba. Na so in ce ban sa ki rashin kunya ba, amma ƙarya zan yi. Na sa ki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Asama'u

Kakuri, Kaduna
25 ga Afrilu, 1979

Yaya,

Gaisuwa. Mun iso jiya da la'asar.

Lado yana ta hon a waje, na goya Ummi, na riƙe Gwadabe, na bi ɗaki ɗaki na yi sallama. Babbar tana kan tabarmarta kusa da Gwaggo tana mulmula. Na wuce ta gabanta ba ta ɗago ba. Har na kai bakin zaure, sai na ji ban taɓa ƙyamar wani abu a gidan nan kamar yadda na ƙyamaci kaina ba. Na juyo, na taka kwatar nan da takalmina, na tsaya a tsakar gida na ce, "Rabi."

Masu daka suka tsaya. Ita kuwa ta dubi Gwaggo, ta dubi matar Salisu, tana neman wadda ta kira ta. Ba ta san sunan da muryata ba.

Na ce, "Rabi, ni ce. Taso mu tafi gida." Wata ta ce tir. Gwaggo ta daɗe tana kallona. Sannan ta goge wa yarinyar hannu da bakin zanenta, yatsa yatsa, ta ƙulle mata daddawar da ta mulmula a ɗankwali, ta shige ɗaki ta saki asabari. Na durƙusa a bakin ƙofa na roƙi gafara, ba ta amsa ba. Wannan zai daɗe a raina. Akwatin ma a can muka baro shi.

Babanta bai yi mini magana ba tun jiya. Zai yi.

A cinyata ta yi barci tun daga Tafa har Kaduna, kanta a ƙirjina. Zanen da na sa yana nan yana wari, ban wanke shi ba tukuna. Rabi tana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Lauratu