Ranar da Aka Yi wa Babanka Kiɗa

Zuwa ga Isuhu na Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali, idan har fataken da na ba wa takardar nan sun gane gidanka.

Ka tuna gidan kwanan ɗalibai na makarantar aikin asibiti, bayan Zango? Bafaranshen da ke shugabancinta ya kafa doka: kowane ɗaki baƙo ɗaya, 'yan ƙasa biyu. Haka aka haɗa mu, kai, da ni haifaffen Zangon Lome, da Komlan ɗan ƙabilar Mina daga garin Aneho.

Ranar farko Komlan ya kawo maka ƙaguwa daga kasuwar Asigame, ka ce kai ba ka cin gizo-gizon ruwa. Shi kuma ya rasa dalilin da za ka tsaya kana gaida mutum ɗaya har abinci ya huce. Ni ina tsakiya ina tambayar kowa komai, har ka raɗa mini Sarkin Tambaya. Ban daina ba, ga shi har da furfura.

Sai aka bugo waya cewa babanka ya rasu. Ka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ka zauna da carbi.

Komlan ya ja ni gefe, ido jajur, ya tambaye ni yadda mutanenmu ke yi wa mamaci. Isuhu, na sani sarai. Zaman makoki ne, da addu'a, da sadaka. Gidan liman bai fi taku ɗari daga nan ba. Amma sai na ce masa su yi yadda suke yi wa nasu. Wallahi ba mugunta ba ce. So nake in ga abin da zai faru.

Bayan la'asar Komlan da mutanensu suka shigo, su goma sha wani abu, kowa da jan zane, da gangar aro. Suka dama garin masara da ruwa, suka zuba a ƙasa suna kiran sunan babanka, mutumin da bai taɓa ganin teku ba. Aka soma kiɗa da waƙa. Komlan ya kwance mayafinsa ya yafa maka, ya ɗaga ka tsaye, wai ɗan mamaci ne ke buɗe rawa.

Ka rufe fuska da mayafin, kafaɗunka suna girgiza. Kwana biyu bayan nan ka hau jirgin ƙasa na Blitta, ba ka dawo ba, ba ka rubuto ba.

Abin da ya hana ni sakat ke nan duk shekarun nan: me kake yi a cikin mayafin? Wani lokaci in ce dariya ce ta kubce maka, don na san ka. Wani lokaci in ce kukan baƙin ciki ne, an yi wa mahaifinka abin da addininsa bai yarda da shi ba, a gaban Musulmi ɗan'uwanka da ya tsaya yana kallo. Shin hidimar gida ce ta riƙe ka, ko mu ka guda?

Komlan ya rasu watan jiya. Har ya bar duniya yana alfahari cewa ya yi wa baban Isuhu jana'iza ta mutunci. Na je Aneho, na zauna cikin kiɗansu.

Ɗan'uwana, in dariya ka yi, rubuto mini in samu sauƙi. In kuwa kuka ne, kada ka riƙe Komlan a zuci. Shi ya tambaya, ni na ba shi amsa. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa fuskokinmu kafin tamu ta zo. Amin.

Naka har kullum,
Sarkin Tambaya na Zangon Lome